Murar Tsuntsaye Ta Shiga Garke: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani

Jama'a, da can in aka ce murar tsuntsaye, mu ƴan kasuwar shanu sai mu ce wannan ta masu kaji ce, ba ruwanmu. To, yanzu da ruwanmu. A watan Maris na 2024 aka gano cutar, wadda likitoci ke kira H5N1, a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka. Saniya sai ta bar cin abinci, nono ya ragu, ya yi kauri ya koma kamar dakashi. Wani mai aiki a garke ma ya kamu, idonsa ya yi ja. Kafin tsakiyar 2025 cutar ta shiga garke fiye da 1,000 a jihohi 17.

Me ya yaɗa ta? Motocin ɗaukar shanu suna cikin manyan dalilai. Shi ya sa a watan Afrilu na 2024 gwamnatin Amurka ta hana a ƙetare da saniyar tatsa zuwa wata jiha sai an auna ta. Wannan kuwa sana'armu ce aka taɓa, domin mu ma aikinmu ke nan, daga wannan kara zuwa waccan.

Cuta ba ta tsayawa a duwan. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, wata bai ƙare ba sai ga ta a Magariya. Abin da masana ke tsoro shi ne ƙwayar ta rikiɗa ta riƙa bin mutum zuwa mutum, kamar annobar murar 1918 wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50.

Don haka ne tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta haɗa ɗakunan bincike na ƙasashe suna musayar samfurin ƙwayar mura, domin da shi ake haɗa allurar rigakafi. Amma a 2007 Indunusiya ta ƙi ba da nata. Hujjarta ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: talaka ya ba da samfuri, kamfani ya yi allura, ya sayar da tsadar da talakan ba ya iya saye. An yi ta ja-in-ja har 2011, sannan aka shirya cewa kamfanonin za su riƙa ba OMS kuɗi kowace shekara, kuma in annoba ta zo su ware mata kaso na allurar don ƙasashe marasa ƙarfi.

Dattawanmu sun san amfanin irin wannan haɗin kai. A 1962 Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka fara yi wa shanu lamba tare don yaƙi da bushiya. A 2011 aka bayyana cewa babu ita a duniya baki ɗaya.

Namu aikin ba shi da wuya. Kada a loda dabba marar lafiya don gudun hasara. A nemi takardar likitan dabbobi kafin a kama hanya, a wanke mota bayan an sauke. In an ga kaji ko zabi suna mutuwa barkatai kusa da garke, a sanar da ma'aikatan kiwo. Nono kuma a tafasa shi kafin a sha. Wanda ya ɓoye cutar saniya ɗaya, ranar da aka rufe iyaka, kasuwar kowa ce ya kashe.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.