Siffar Gini A Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Mai Fili A Mafoni Ya Biya Kuɗinsa A Kai

MAIDUGURI: Unguwar Mafoni tana cikin tsofaffin wuraren da birnin Maiduguri ya tsiro daga gare su. A nan ne sojojin Ingila suka kafa sansani a farkon ƙarni na 20, kafin Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa cikin 1907. A yau Mafoni ɗaya ce daga cikin mazaɓu 15 na Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri, kuma kamar sauran unguwannin tsakiyar gari, gida na jingine da gida, shago na manne da katanga, fili kuwa ya yi tsadar da ba a wasa da taku ɗaya nasa.

Shekara da shekaru tambayar da mai sayen fili yake yi a irin waɗannan unguwanni ba ta wuce biyu ba: ina iyakarsa, kuma wa ke da takarda? Ranar 10 ga Satumba, 2024 ta ƙara ta uku. A daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya shiga gari, ya mamaye Gwange da fadar Shehu da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba fiye da mutum 400,000 da gidajensu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, wannan madatsa ta taɓa jawo irin wannan ɓarna. Ɗan kasuwar da ya ga buhunan hatsinsa sun jiƙe alhali na maƙwabcinsa da ke gaba kaɗan sun tsira ya gane cewa tsayin daɓen shago daga ƙasa shi ma dukiya ne. Taswirar takarda kuwa, komai kyanta, tsawo da faɗi kawai take nunawa.

Wannan giɓi ne siffar gini mai awo uku take cikewa. Ma'anarta ita ce a gina kwatankwacin gida ko shago a cikin kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, sannan a ɗora shi cikin manhajar tsara birane daidai wurin da yake zaune a doron ƙasa. Idan aka yi wa unguwa guda haka, mai tsara gari zai iya sakin ruwa a kwamfuta ya ga ƙofar da zai fara shiga, ko ya gwada faɗaɗa titi ya ƙirga katangun da za a rushe da diyyar da za a biya tun ba a tayar da katafila ba. Lokacin da kamfanin Max Lock na Ingila ya yi wa Maiduguri binciken tsarin gari a 1976, da takarda da hoton sama aka yi aikin. A yau manhajar QGIS, wadda kyauta ake saukar da ita, tana iya tayar da gine-ginen unguwa a kwamfutar tafi-da-gidanka.

Harsashin wannan aiki shi ne rajistar filaye ta kwamfuta, kuma Jihar Borno ta riga ta aza shi. Hukumar BOGIS, wadda gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta kafa bayan hawanta mulki a 2019, ita ke riƙe da bayanan filaye da sha'anin takardun mallaka, bisa turbar da Abuja ta buɗe da AGIS a 2003, Kaduna kuma ta bi da KADGIS. Izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jihar. Matakin da ke biye da wannan, a ko'ina aka yi shi a duniya, shi ne ƙara wa kowane fuloti tsayin abin da ke kansa. A nan ne 'yan kasuwa za su fara jin an ce su kawo fayil, kuma a nan ne ake iya kashe kuɗi a kan abin da ba shi da amfani.

Dalili kuwa shi ne abin da masu zanen gini suka saba nuna wa mai kuɗi, wato hoton bene mai ƙyalli da fitilu da motoci a ƙofa, an yi shi ne domin a burge ido. Manhajar tsara birane ba ruwanta da fenti. Abin da take nema shi ne gini ya zauna a mazauninsa na gaskiya, da awo na gaskiya. Kurakuran da suka fi ɓata wannan aiki ƙanana ne a ido, amma masu tsada ne.

Na farko shi ne ma'auni. A arewa har gobe da ƙafa ake cinikin fili, ana cewa hamsin da ɗari, wanda ya kama kimanin mita 15 da mita 30. Manhajar taswira kuwa da mita take aiki. Idan mai zane ya yi aikinsa da ƙafa, aka ɗora fayil ɗin kwamfuta ta karanta shi da mita, kowane gefe zai ninka fiye da sau uku, faɗin ƙasar da ginin ya ci ya ninka kusan sau 11. Duk wanda ya san cewa da faɗin fili ake lissafin harajin ƙasa zai gane abin da wannan ke nufi ga aljihunsa.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Tsofaffin takardun safiyo na Nijeriya an auna su ne bisa ma'aunin da ake kira na Minna, wanda aka gada tun zamanin Turawa, alhali na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam suna tafiya ne bisa ma'aunin duniya na WGS 84. Wuri guda yana da lambobi iri biyu ke nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai mitoci gommai. A daji wannan ba wani abu ba ne. A Mafoni, inda lungu bai wuce wucewar Keke Napep ba, tazarar ta isa ta ɗauke shagon mutum ta ajiye shi a tsakar gidan wani, ko bisa titin gwamnati. Bugu da ƙari, Maiduguri tana shiyya ta 33 a tsarin UTM, ba ta 32 da Kano da Abuja suke ciki ba, don haka ma'aikacin da ya zo da saitin kwamfutarsa daga can bai sauya ba zai jefa ginin ɗaruruwan kilomitoci nesa da garin. Wannan kuskure ma ya fi sauƙi, domin nan take ake ganinsa. Na Minna shi ne mai kwanciya shiru har sai ranar da aka je kotu.

Na uku shi ne tsayi, kuma shi ne ainihin abin da ya shafi Maiduguri. Garin shimfiɗe yake kamar faifai, ta yadda rabin mita kan raba wanda ruwa ya ci da wanda ya tsira. Wayar hannu tana iya kuskuren mitoci da dama wajen faɗin tsayi. Bayanan tudu da kwari na kyauta da aka fi amfani da su, waɗanda kumbon Amurka ya tattara a 2000, suna ba da lamba ɗaya ne ga kowane murabba'i mai mita 30 a kowane gefe, wato sun fi fuloti guda girma, kuma su ma kuskurensu mitoci ne. Ashe ke nan siffar da aka ɗora bisa irin waɗannan bayanai za ta yi kyau a allo amma ba za ta faɗi inda ruwa zai bi ba. Babu makawa sai ma'aikacin safiyo mai rajista ya zo da na'urarsa ya auna daɓen ginin da bakin kwata da tsakiyar titi. A ganin wannan marubuci, idan kuɗin mutum bai isa komai ba sai abu ɗaya, to wannan awo ya kamata ya saya.

Bayan awo sai batun yawan bayani. Ƙa'idar CityGML, wadda ƙungiyar OGC ta duniya ta amince da ita, ta kasa siffar gini matakai biyar a bugunta na 2012: daga sawun gini a ƙasa, zuwa akwati mai tsayi, zuwa mai siffar rufi, zuwa mai ƙofofi da tagogi, har zuwa mai ɗakunan ciki. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada da nauyin fayil. Domin lissafin ambaliya da faɗaɗa titi da haraji, akwatin nan na mataki na biyu ya wadatar, muddin bangonsa ya rufe ruf ba ɓaraka, domin kwamfuta ba ta iya lissafa girman abin da bai rufe ba. Fayil ɗin mai zane, wanda kan zo da kowane makulli da bututun famfo, sai an tankaɗe shi kafin a ɗora, in ba haka ba gini goma sun isa su tsayar da kwamfutar ofis. Abin da ya kamata a ƙara masa shi ne rubutaccen bayani: lambar fuloti, yawan hawa, abin da ake yi a ciki, da ko na laka ne ko na bulon siminti, tunda bangon laka ba ya jure kwanan ruwa.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. A gidan Bahaushe da Babarbare, baƙo a zaure yake tsayawa. Babu dalilin da zai sa a ɗora tsarin ɗakunan iyali a rumbun da ma'aikata da yawa za su iya buɗewa, balle a garin da ya ɗanɗana rashin tsaro. Mai gida yana da hujjar cewa a tsaya a bangon waje.

Sai tambayar da ta fi damun masanin tattalin arziki: wa zai biya? Duniya ta gwada hanyoyi dabam-dabam. Kamfanin Google ya gwada ta 'yan sa-kai. Ya sayi manhajar SketchUp a 2006, ya buɗe wa jama'a ƙofa su zana gine-ginen garuruwansu su ɗora a Google Earth, mutane da yawa suka ba da lokacinsu kyauta. A 2012 ya sayar da SketchUp ga kamfanin Trimble, a 2013 kuma ya daina karɓar irin waɗannan gine-gine, ya koma samar da su da na'ura daga hotunan sama. Singafo ta ɗora nauyin a kan magina, inda daga 2015 ta wajabta wa duk sabon ginin da faɗin daɓensa ya wuce murabba'in mita 5,000 ya gabatar da siffarsa ta kwamfuta wajen neman izini. Holan kuwa ta bi ta hannun hukuma da jami'a: masana a Jami'ar Fasaha ta Delft sun haɗa rajistar gine-gine ta ƙasa da awon da jiragen sama suka yi da hasken leza, suka tayar da gine-gine kimanin miliyan 10, aka kuma saki bayanan kyauta.

Ga unguwa irin Mafoni, hanyar Holan ce ta dace da yawancin gidaje, ta Singafo kuma a ajiye ta ga masu gina otal da manyan rukunin shaguna. Hujjar a fili take. Siffar gida ɗaya tilo ba ta nuna hanyar ruwa, sai an haɗa ta da ta dukkan maƙwabta. Mutumin da ya ciko filinsa da ƙasa ya ɗaga daɓensa ya tsira, amma ruwan da ya kora gidan na kusa da shi ya nufa, kuma bai biya ko kwabo a kan wannan ba. Abin da amfaninsa na kowa ne, kuma ba ya aiki sai an yi shi gaba ɗaya, ba a barin sa ga aljihun ɗaiɗaikun mutane. Idan aka ce kowane mai ɗan shago sai ya ɗauki mai zane, sakamakon da za a samu shi ne ƙarin gini ba izini.

Hukuma ba daga sifiri za ta fara ba. A 2021 Google ya saki sawun gine-gine miliyan 516 na Afirka kyauta, a 2024 kuma ya ƙara da ƙiyasin tsayinsu. Sai dai na'ura ce ta zana su daga sama, kuma tana ruɗewa a inda gidaje suka haɗa bango ko inda darbejiya ta lulluɓe rufi, abin da duk wanda ya san titunan Maiduguri ya san ba kaɗan ba ne. Sun isa a fara ƙirga, ba su isa a yanke hukuncin iyaka ba. Ƙananan jirage marasa matuƙa, waɗanda suka rage tsadar wannan aiki a wasu garuruwa, suna buƙatar izinin hukumomin jiragen sama da na tsaro, kuma a farkon 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta sanar da hana tashinsu a arewa maso gabas. Wuta ma abin lissafi ce a garin da aka yanke daga babban layin ƙasa a Janairun 2021, har sai da aka gina masa tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023.

Masu gidaje da yawa za su yi zargin cewa duk wannan dabara ce ta ƙara haraji, kuma ba za a ce sun yi kuskure gaba ɗaya ba, domin hukumar da ta san yawan hawan kowane bene ta san abin da za ta caza. Amma akwai riba a ɗaya ɓangaren. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma banki ba ya karɓar jingina sai da takardar da ba ta da tababa. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a ranar 26 ga Fabrairu, 2023 ta nuna wa 'yan kasuwa darajar samun shaidar inda shago yake da girmansa a wani wuri da wuta ba ta kai ba. Kamfanin inshora ma da lambobi yake yanke farashi, kuma wanda zai iya nuna cewa daɓensa ya ɗara titi yana da abin ciniki a hannu.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira miliyan dubu 80 domin sake gina madatsar Alau. Wannan aiki zai tare ruwan kogi, amma ruwan saman da ke sauka a kan rufin Mafoni cikin Agusta ta lungunan unguwar zai nemi hanya. Ɗan kasuwar da ke shirin tayar da bene a wannan shekara zai kyauta wa kansa idan ya sa a rubuta cikin yarjejeniyarsa da mai zane cewa za a yi awo da mita, a faɗi ma'aunin da aka bi ko na Minna ne ko WGS 84, a haɗa da tsayin daɓe ɗauke da hatimin safiyo, sannan a miƙa masa kwafin fayil ɗin a tsarin IFC ko CityGML, waɗanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, kafin ya biya kason ƙarshe na kuɗin aiki.