Dalilin Tsadar Yawon Teku Ga Mai Tafiya Shi Kaɗai

Kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna yanka farashin ɗaki ne bisa lissafin mutum biyu, saboda haka mai tafiya shi kaɗai kan biya kusan ninki biyu. Ribarsu ta dogara ƙwarai kan abin da fasinja ke kashewa a cikin jirgi, gadon da ba kowa kuwa ba ya sayen komai.

A 2010 kamfanin Norwegian Cruise Line ya tanadi ɗakuna 128 na mutum ɗaya a jirginsa Norwegian Epic, da zauren da fasinjojin ke haɗuwa su saba da juna.

Farashi kan faɗi sosai wajajen Afrilu da Nuwamba, lokacin da jiragen ke ƙaura tsakanin Turai da Karebiyan, sai dai tikitin jirgin saman komowa yana wuyan fasinja.