'Yar tsana mai kisa: Fina-finan tsoro na Kirsimeti da ke shiga wayoyin yara a Ƙaraye da Rogo

Da zarar hunturu ya kama, makarantu suka tafi hutun ƙarshen shekara, shagunan tura fina-finai a garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo kan cika da yara, wani da memori, wani da wayar mahaifiyarsa.

Cikin abin da ake tura musu akwai wani nau'in fim da hotonsa ke yaudarar iyaye: 'yar tsana tana murmushi, ga fitilu da kwalayen kyautar Kirsimeti. Uwa ta duba ta ɗauka katun ne. Sai dare ya raba, yaro ya farka da ihu, ya ƙi kwana ɗaki ɗaya da 'yar tsanar ƙanwarsa.

Daga ina suka fito?

Yawancinsu daga Amurka ne, inda Kirsimeti yake lokacin saya wa yara kayan wasa. A 1984 aka saki Silent Night, Deadly Night, wanda aka kashe wa kusan dala 750,000. Mai kisan cikinsa yana sanye da kayan Baban Kirsimeti. Iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar sinimomi, har kamfanin TriStar ya janye fim ɗin.

Hayaniyar sai ta zama talla. Aka ci gaba da yin sa kashi-kashi, kuma a kashi na biyar, The Toy Maker na 1991, kayan wasan ne da kansu ke kashe mutane. Abin mamaki, tsohon jarumi Mickey Rooney, wanda ya yi tir da fim na farko, shi ne ya fito a matsayin mai ƙera kayan wasan.

A Disambar 2004 kuma aka nuna Puppet Master vs Demonic Toys a talabijin, labarin wani kamfani da ya shirya mayar da 'yan tsanar da ya sayar su zama makasa ranar Kirsimeti.

Wanda aka fi sani a nan shi ne Chucky, na fim ɗin Child's Play na 1988. Shi ba na Kirsimeti ba ne, kyautar zagayowar ranar haihuwa ce, amma ya nuna akwai riba a harkar: an kashe masa kusan dala miliyan 9, ya kawo sama da miliyan 40.

Me ya sa 'yar tsana?

Araha ce. 'Yar tsana ba ta karɓar kuɗin jarumi, gida ɗaya ya ishi labari, duhu kuma yana rufe ƙarancin kayan aiki. Da yawa ma ba sa shiga sinima. Da kaset suke fita, yanzu kuma intanet.

Sannan tsoron yana fitowa ne daga abin da yaro ya fi amincewa da shi. Dodon tatsuniya a daji ko rijiya yake, kuma da an ce ƙurunƙus an rabu da shi. Wannan kuwa yana kan katifa. A ƙasar Hausa, inda yarinya ke goya 'yar tsanarta ta kara ko ta tsumma, har a yi mata biki, inda kuma yaro ya tashi da jin labarin aljanu, ba wuya ya yarda cewa wani abu zai iya shiga jikin roba.

Wa ke tacewa?

A Amurka an sa wa Child's Play alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya kallo sai da babba. Wannan alama ba ta biyo fim ɗin cikin memori. Jihar Kano na da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma abin da ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko Telegram ya fi ƙarfin kowane ofis.

Aikin ya koma kan mutum biyu. Mai shago ya tambayi wa zai kalla kafin ya tura. Iyaye kuma su ja fim ɗin zuwa tsakiya su duba kafin su miƙa waya, domin mintunan farko kan zo lami lafiya, da waƙa da rabon kyauta. Wuƙar sai daga baya take fitowa.