Sauya zangon tashar talabijin

Sauya zangon tashar talabijin shi ne mayar da na'urorin watsa shirye-shirye daga wata mita zuwa wata. A Najeriya aikin ya biyo bayan yarjejeniyar Janeba ta 2006, wadda ta sa 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin komawa tsarin dijital a zangon UHF. An ƙaddamar da tsarin a Jos a 2016, sannan a Kano a Nuwamba 2021.

Dalili

Kowace tashar UHF tana cin megahaz 8. An ware megahaz 694 zuwa 862 domin intanet na wayar salula, don haka talabijin ya koma lamba 21 zuwa 48. Lamba 67, wadda tashar ARTV ta samo tsohon sunanta CTV 67 daga gare ta, tana cikin zangon da aka ware.

Shirya na'urori

Bayan izinin hukumar NBC, injiniyoyi sukan saita taransimita a sabuwar mita, su daidaita matatar da ke hana sigina kutsawa tashar maƙwabta. Sai a gwada eriya da wayarta, domin idan ba su dace da mitar ba, wuta takan dawo baya ta ƙona na'ura. Akan fara gwaji da ƙaramin ƙarfi.

Masu kallo

A Gaya da Ajingi, waɗanda ke nesa da birnin Kano, sigina kan yi rauni. Mai kallo yana buƙatar dikoda ta DVB-T2, da eriyar waje mai tsayi, sannan ya sake laluben tashoshi.