Hadda Dabam, Fahimta Dabam

Manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka, irin su Google, ba su ɗaukar mai rubuta wa inji umarni aiki sai sun ba shi matsala ya warware a gabansu. Saboda haka samari da yawa sukan duƙufa kan LeetCode, watau taskar tambayoyi da aka kafa a 2015, suna haddace amsoshi kamar aku.

To, ga misali. Akan ce wa mutum ya nemo suna guda cikin littafin da aka jera sunaye bisa haruffa. Dabarar ita ce a buɗe tsakiya, a yar da rabin da sunan ba ya ciki, a sāke raba saura. Buɗewa sau 20 ta isa ga sunaye miliyan guda. Mai hadda zai zubo wannan tsaf, amma da an ce masa sunayen barkatai suke, sai ya yi turus. Wanda ya fahimta kuwa ya san jerin nan shi ne ginshiƙin dabarar.

Abin da ake haddacewar ma yakan zo da tuntuɓe. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana kuskure cikin wannan dabara yadda shi kansa ya rubuta ta domin harshen Java. Kuskuren ya yi wajen shekara 9 ba a lura ba: in sunaye sun zarce biliyan guda, lissafin tsakiya sai ya ɓaci.

Don haka, malamai, in ɗalibi ya kawo amsa daidai, kada a sallame shi tukuna. A sāke wa tambayar kama, a ce ya faɗi dalili.