KAMUN KIFI DA FATSA: YADDA ZA KA SAKI KIFI DA RANSA

Manomi, idan an gama kaka an kai amfani gida, da yawa daga mutanen Tsiga da kewaye sukan ɗauki fatsa su nufi rafi, ko dam irin na Mairuwa da Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa. Wannan sana'a ce mai kyau. Amma ka sani ruwa ma gona ne. Wanda ya cinye iri, baɗi me zai shuka?

WANE KIFI ZA KA SAKI?

1. Ƙaramin kifi. Karfasar da ba ta kai tafin hannunka ba, ka mayar da ita ta girma ta hayayyafa.
2. Karfasa mai ƙwai ko 'ya'ya a baki. Macen irin karfasar da muka fi sani a bakinta take renon 'ya'yanta. In ka kashe ta, ɗaruruwa ka kashe.
3. Tarwada mai ciki cike da ƙwai. Da farkon damina take bin sabon ruwa cikin ciyawa ta zuba ƙwai.

A Amurka da Kanada akwai wani kifi mai kaifin haƙori ana ce masa maski, yakan wuce mita ɗaya a tsawo. Yawancin masu kama shi sakinsa suke yi, shi ya sa manyansa ba su ƙare ba.

KAYAN AIKI

Kada ka je bakin ruwa sai da filaya, da wuƙa, da tsumma, da bokiti. Ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin nan na bakin ƙugiya. Haka za ta fita da sauƙi daga bakin kifi, ko daga yatsanka in tsautsayi ya faɗa.

GA YADDA ZA KA YI

1. Zaɓi wuri mai gangare kaɗan, inda ƙafarka za ta tsaya sosai. Guji gaɓa mai tsawo da laka mai santsi.
2. Kada ka ja kifi kan yashi ko dutse. Bar shi cikin ruwa, ko ka sa shi a bokiti.
3. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi. Yauƙin jikinsa shi ne rigarsa. In ya goge, cuta ta sami ƙofa.
4. Kada ka cusa yatsa cikin jan naman nan na gefen kansa. Da shi yake numfashi.
5. Kama ƙugiya da filaya, ka juya ta ta bi hanyar da ta shiga. In ya haɗiye ta, kada ka fizga. Yanke zaren kusa da baki.
6. Yi sauri. Riƙe naka numfashin, in ka gaji, shi ma ya gaji.
7. Kada ka jefa shi. Tallafe shi cikin ruwa, cikinsa na ƙasa, har ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.

TSARE HANNUNKA

Tarwada tana da ƙaya a gefe biyu na bayan kanta. Kurungu kuwa har da ta gadon baya, masu haƙora kamar zarto, kuma yakan kafe su. Rufe kifin da jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙe shi ta bayan ƙayoyin. In kifi mai haƙori ne irin tsage, kada yatsanka ya kusanci bakinsa.

In ƙaya ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta. In ƙugiya ce ta nutse, yanke zaren, ka tafi asibiti a cire, a yi maka allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora. Kada kuma ka daɗe tsaye cikin kwantaccen ruwa, don a nan ake ɗaukar tsargiya.

KA TUNA

Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana zuba guba ko sa nakiya a ruwa. Guba ba ta zaɓe, babba da ƙarami take kashewa, kuma ruwan nan shi shanunka suke sha.

In kana son ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku ko Sarkin Ruwa.