Ezetimibe: Maganin da ya shiga kasuwa kafin a san abin da yake kamawa a hanji

A watan Oktoban 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ezetimibe, maganin rage kolestarol a jini da aka sayar da sunan Zetia. A lokacin, ko kamfanin Schering-Plough da ya ƙirƙiro shi bai san takamaiman abin da yake kamawa a jiki ba.

Wani abu daban masu binciken kamfanin suka fita nema, wato sinadarin da zai dakatar da wani enzayim mai suna ACAT. Sai suka ci karo da wanda ba ya taɓuka abin kirki a kan ACAT, amma yana sauke kolestarol a jikin dabbobin gwaji. Sai a 2004 aka gano ƙofar: wani furotin mai suna NPC1L1 da ke bangon ƙaramin hanji, wanda ta nan kolestarol ke shiga jiki.

Mutane da yawa sun ɗauka duk kolestarol ɗin da ke hanji daga ƙwai da nama da man shanu yake. Ba haka ba ne. Mafi yawansa hanta ce ke zubo shi ta ruwan madaciya, hanji kuma ya sake tsotse kusan rabi. Idan aka toshe ƙofar, hanta takan rasa abin da ta saba samu, sai ta koma janyo LDL, wato mugun kolestarol, daga jini. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 a kullum tana rage shi da kusan kashi 20 cikin 100. Shi ya sa likitoci ke haɗa shi da magungunan statin, waɗanda su hanta suke hana ƙera kolestarol.

Maganin ya sha suka a 2008, lokacin da gwajin ENHANCE bai nuna bambanci a kaurin jijiyoyin wuya ba. Gwajin IMPROVE-IT na 2015 ne ya fitar da shi kunya. Cikin marasa lafiya 18,144 masu ciwon zuciya, kashi 32.7 na waɗanda suka haɗa magungunan biyu suka gamu da sabuwar matsala kamar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a shekara bakwai, alhali masu shan statin kaɗai kashi 34.7 ne. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba a ido, amma mutum biyu ne a kowane ɗari.

A 2020 masu bincike suka ɗauki hoton NPC1L1 da na'urar cryo-EM, wadda ke daskarar da furotin a matsanancin sanyi ta haska shi da lantarki, kwamfuta kuma ta harhaɗa dubban hotuna su ba da siffa guda. Hoton ya nuna wani siririn rami a cikin furotin ɗin da kolestarol ke bi, ga ezetimibe kuma ya maƙale ya toshe hanyar.